Hodar Mama

"Yi kuka mana, ranki ya daɗe," in ji darakta. "Ɗauka ta shida ke nan fa."

Jarumar na tsaye gaban kyamara, idonta a bushe ƙamas. Shekara ashirin ana yi mata kirari da sarauniyar kuka, ba wanda ya san sirrinta: rufe ido take yi, ta kashe mahaifiyarta a zuci, sai hawaye su zubo. Shekaranjiya aka binne tsohuwar. Yau ta rufe ido, ta laluba, wayam.

"In ya gagara, a kira wata," ta ji ya ce ƙasa-ƙasa.

Mai kwalliya ta ja ta gefe. "Yaya, fuskarki na ƙyalli. Kin san hodarmu ba ta kai baƙinki ba. Ina taki?"

Jarumar ta ciro ɗan gwangwanin da Mama ke haɗa mata hoda a ciki tun fim ɗinta na farko. Ta buɗe. A tsakiyar hodar, ga shatin babban yatsan Mama, inda ta danne ta.

"Miƙo in shafa miki."

Ta mayar da murfin a hankali.

"A kira wata ɗin," ta ce.