Bangon da Danilo Ya Ƙi Gamawa

"Kai, bulo ɗaya tun safe? Jira kake ya haihu?" Haka na daka wa maginin tsawa.

Wata bakwai ke nan da aka kashe ɗana Ostap a yaƙi, tokar gawarsa da aka ƙone tana cikin tulu a kan firjina. Gurabe sun ƙare a bangon ajiye toka na makabartar sojoji, sabon bangon kuma ya ƙi ƙarewa. Kullum na je sai in tarar da maginin nan, Danilo, yana shafa siminti kamar mai shafa bota a burodi.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa. "Ostap ba sauri yake ba."

"Ni sauri nake, malalacin banza!"

Sau uku na rubuta ƙara. Manya suka zo suka tsaya a kan magina, cikin sati biyar aka gama. Ranar da aka saka tokar Ostap a gurbinsa har burodi na gasa musu. Danilo bai ci ba.

Da bazara na koma da furanni. A gurbin da ke jikin na ɗana an manna sabon suna: Danilo Marchuk, shekara ashirin da shida.

Mai gadi ya ga na daskare.

"Kin san shi ne, Mama? Ai an ɗage masa tafiya fagen daga muddin ana ginin nan. Bawan Allah ya yi ta jan aikin, sai wata tsohuwa ta kai ƙara."