Abin da ya Rage a Shagon Mai Gyaran Agogo

Sau uku wata malamar makaranta ta wuce shagon mai gyaran agogo kafin ta iya shiga, kyamara rataye a wuyanta. Ita ta ɗora wa kanta wannan aiki: hoto ɗaya kullum har shekara, kuma ba ta maimaita abu. Sai dai wata biyu ke nan idonta ya ƙi ganin abin ɗauka a duk faɗin garin, in ba a ɗan shagon nan ba.

Yau kwalaye ta tarar a ƙasa, bango fayau, an sauke agogunan.

"Ashe da gaske tashi za ka yi," ta ce.

"Jibi. Yayana ya samo mini rumfa a garin da yake zaune." Ya cire gilashin aiki daga idonsa. "Malama, kin ɗauki fitilata, kin ɗauki kofin shayina. Hannuna ma kin ɗauka, na dama daban, na hagu daban. Me ya rage?"

Ta shiga murza marfin kyamarar, ta buɗe, ta rufe. Ta dubi kwalayen, ta dubi ƙofa.

"Fuskarka."

Ya ajiye gilashin, ya dube ta.

"Ita ba zan bar ta a hannun wadda ba zan ƙara gani ba. In kin ɗauka, gobe zan je in gaida Babanki, kwalayen nan kuma in kwance su."

 Ta ɗaga kyamarar, ta danna tun kafin ta daidaita ta.

Hoton ya fito dishi-dishi. Ya leƙo ya gani, ya ce ta sake.

"Ba na maimaitawa," ta ce. "Kuma Baba da wuri yake fita."