Mai Danna Sifirin

"Danna mini," in ji bakaniken, bai ko ɗago kai ba.

Ba wanda ya danna.

Tun suna samari haka suke haɗa inji: ƙanensa ya danne sifirin bawul da ƙarfin damtse, shi kuma ya zura 'yan makullan da ke riƙe bawul. Shi ya sa garejin bai taɓa mallakar abin matse sifirin ba.

Motar ma ta ƙanen ce. Shi ya sayo sabon kamshaf mai buɗe bawul sosai, ya kafe sai an sa masa sifirin masu tauri, don tsofaffin ba za su rufe da wuri ba.

"Wannan taurin wa zai danna shi?" ya tambaye shi a lokacin.

"Ni mana, Yaya. Ina za ni?"

Kayan ba su iso ba sai bayan rasuwarsa.

Bakaniken ya haɗa hannu biyu ya danna, har sifirin ya kwanta. Makullan na nan kan benci, dab da gwiwar hannunsa, babu hannun da zai ɗauka.