Sabon Tulun Sa'a

Sa'a ta tarar da Illa a gindin tsamiyar bakin rijiya, yana fama da igiyar guga da ta ƙi ƙulluwa. Tun yana yaro hannuwansa ba sa jin maganarsa. Ko Nasaran da ke kwasar mazan Matameye zuwa aikin hanyar Damagaram sun sallame shi, don kwandon ƙasa ba ya zama a kansa. Jiya kuwa, a gayyar gonar mahaifinta, hauyarsa ta tumɓuke gero ta bar ciyawa.

"Baba ya ce ba zai ba ka ni ba," in ji ta.

Illa bai ɗago ba. "Yana da gaskiya. Ina ganin inda zan sara, Sa'a. Hannun ne ke zuwa wani wuri."

Ta daɗe tana kallon yatsun nasa. Jiyan, bayan kowa ya watse, ta hango shi durƙushe yana mayar da geron cikin ƙasa, yana ba shi haƙuri kamar mutum.

Iska mai ƙamshin ruwan sama ta kaɗo. Sa'a ta ɗauki sabon tulunta cike da ruwa, ta miƙa masa.

"Riƙe. Raka ni gida, har gaban Baba."

"Zan fasa shi."

"In ya fashe mu dawo rijiya tare. Ai ba tulu zan aura ba."

Ya rungume tulun a ƙirji kamar jariri. Ruwa na fantsama a rigarsa suka kama hanya, ita tana rage sauri daidai da tafiyarsa.