Hoton Gonar Albasa

"Mi kinka yi, Susanna? Ina hoton?"

Abdulƙadiri ya dafe kai gaban kwamfutar ofishinsu na ban-ruwa a Goronyo. Hoton furanni ya cika fuskar kwamfutar.

Susanna, sakatariyarsa, ta ce, "Oga, hoton gonar albasar nan ya yi dishi-dishi. Na goge, na sa mai kyau."

"Tsohon da ke duƙe gefen hagu babana ne! Har ya rasu bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Wannan ma ta baya na sata."

Ya buɗe kwandon sharar kwamfutar. Wayam.

Wa ya kafa dokar share kwandon kullum, har da barazanar kora? Shi da kansa.