Ƙaurar Kwamfutar Baba

Baba na jan ƙofar gida, Auta ta jawo kwali daga ƙarƙashin gadonta.

"Aski ya tafi," in ji Umma daga bakin taga, tana danne dariya. "Wai zai daɗe. Kan da gashinsa bai kai ashirin ba, ban san me za a daɗe ana yi ba."

Sabuwar kwamfuta ce a kwalin. Tsohuwar tana ɗakin karatun Baba, fankarta na gurnani, takan ɗauke sau biyu a yini ba sallama. Shekara shida ke nan da ya yi ritaya, kullum yana gabanta yana buga rubutu da yatsa biyu, ba ya bari a leƙa. Ya kuma kafa doka kada kowa ya taɓa masa ita. Amma Auta nas ce, ta san numfashin mai shirin tafiya. Ranar da tsohuwar ta cika, da rubutun shekara shida za ta tafi.

Manhajar da Baba ke rubutu da ita ta tsufa, ba ta aiki sai a cikin wata kwamfutar gaibu da ke zaune a cikin ta gaske kamar ɗan haya. Auta ta ɗauka yayanta ne ya haɗa masa kafin ya bar gida. Wannan ɗan hayan za ta kwasa da kayansa kaf, ta kai shi sabon gida, gidan da tsarinsa bai yi kama da na tsohon ba ko kaɗan.

Ita ba fanninta ba ne, amma tana da Malam Sannu-Sannu, wani mai rubuta darussan kwamfuta da ba wanda ya san fuskarsa. Mako biyu tana bin darussansa a intanet har ta kusa haddacewa. Shekaranjiya ma ta ajiye masa tambaya a ƙarƙashin darasi: mahaifinta tsoho ne mai taurin kai, linzamin kwamfuta ma da ƙyar yake riƙewa, ta yaya za ta yi masa ƙaurar bai sani ba? Har yanzu bai amsa ba.

Ta zauna a kujerar Baba. Darasi ya ce a kashe ɗan hayan gaba ɗaya, kada a bar shi yana barci. Ta kashe. A tattara shi cikin fayil guda. Ta danna, layin kore ya fara rarrafe. A gefen allon ta ga filashi, sabo fil, an ajiye kamar ita ake jira.

"Umma, yau sa'a ta kwana a gidan nan!"

"Ke dai yi sauri, uwar iyayi."

A kashi saba'in fankar ta yi wani irin tari. Auta ta fizgi mujalla ta hau yi mata fifita, Umma ta rugo da murfin tukunya ta kama. Suna fifita suna ƙyalƙyala dariya, har layin ya cika.

Auta ta kwafe fayil ɗin a filashin, ta zare shi ta soka a sabuwar. Nan ne darasi ya ce a nutsu, domin sabon gida ba ya gane hanyoyin tsoho. Ta bi mataki-mataki, ta gyara sunan katin intanet, ta ware wa baƙon wurin zama. Sannan ta kunna.

Allo ya yi baƙi. Ya ci gaba da zama baƙi. Umma ta ajiye murfin tukunya a hankali, ta fara salati.

Sai ga tsohon shuɗin allon nan na Baba, kowane fayil a mazauninsa. Auta ta yi ihu, ta rungume Umma suka zagaya tebur sau biyu, ɗankwali ya faɗi ba wanda ya kula.

"In ya dawo ki bar ni da shi," Auta ta ce tana haki. "Sai na yi masa bayani a hankali, kin san ba ganewa zai yi ba."

Tana faɗin haka manhajar rubutun ta buɗe da kanta a kan shafin da aka taɓa na ƙarshe. Auta ta so ta kawar da kai, amma layi uku ne kawai, da manyan baƙaƙe:

"'Yata, tsohon naki mai taurin kai ya gode. Firinta ba za ta yi aiki ba tukuna, ki bari in dawo daga aski in nuna miki. Naki, Malam Sannu-Sannu."