Hoton Kuncin Hagu

Mai hoton ya sa yatsu biyu ya karkata mata haɓa, yadda kumburin kuncinta zai ɓuya cikin mayafi. Shagonsa a unguwar Koira Kano yake, an zana hasumiyar Paris a bango, shi kuma ba ya amsawa idan aka ce masa mai hoto, sai an ce "artis".

"Haka, madamazel. Sauran ki bar mini, na'ura za ta goge shi tas."

Ta mayar da fuskarta yadda take. Shekaru ke nan abin yana girma a muƙamuƙinta na hagu, tun yana kamar ƙwallon dabino har ya kai lemu. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, tsiro ne daga tushen haƙori, amma sai an yanke shi har da ƙashin. A hotunan bikin gidansu kuwa kullum baya ake tura ta.

"Malam artis, wannan ɓangaren za ka ɗauka."

"Ƙanwata, sunan shagona fa zai fito a ƙasan hoton."

"To ka rubuta shi da manyan baƙi."

Ya yi tsaki, ya ce kyau yana da ƙa'ida, kuma har Dakar ya je ya koyo ta. Ta zame mayafin zuwa kafaɗa, ta miƙa wa fitilar ɗaukar hoto kuncin.

"Jibi za a yi mini aiki. Ban san fuskar da zan farka da ita ba. Wannan dai na san tawa ce. Danna."